Dagi a Bango, Wuta a Ɗaki: Darasin Gidan Abincin Koriya ga Zazzau

Wanda ya hau dutsen Kufena da rana tsaka a watan Afrilu, ya fuskanci gabas, abin da zai fara kashe masa ido shi ne ƙyallin kwano. Tun daga Wusasa da ke nan kusa har zuwa cikin birni da Tudun Wada, rufin kwano ne ke ta walƙiya, sai jefi-jefi ake hango soron ƙasa da zankayensa, kamar dattijon da sa'o'insa suka ƙare. A ƙarƙashin irin wannan kwano ake buɗe sababbin gidajen cin abinci, kuma da yawansu sun shiga yayin abin da ake kira adon gargajiya: a zana dagi a bango da fenti mai sheƙi, a rataye ƙwarya biyu da faifai uku, a jingine tsohon turmi a kusurwa, shi ke nan wai an haɗa al'ada da zamani. Amma ga mai cin abinci nan zaune gumi na tsiyaya a wuyansa, hayaƙin madafa na kutsowa, ƙuda na shawagi a kan miya, janareta na ruri a bayan taga.

A daidai wannan lokaci kuma sha'awar abincin ƙasashen gabas mai nisa tana ƙaruwa a tsakanin matasa. Finafinan Koriya ta Kudu sun shiga gidaje, tun daga kan Jumong da aka yi yayinsa har zuwa waɗanda ake kallo a waya, kuma gwamnatin ƙasar ta buɗe cibiyar al'adunta a Abuja tun 2010. Saboda haka ba tatsuniya ba ce a yi tunanin ranar da wani ɗan kasuwa zai ce zai buɗe gidan abincin Koriya a kan hanyar Wusasa ko a Samaru, ya kuma bukaci a tsara masa cikinsa ta yadda zai haɗa al'adun ƙasashen biyu. To, me za a haɗa da me? In aka bi yayin da ake ciki, za a liƙa rubutun Koriya kusa da dagi, a rataye fitilar takarda kusa da ƙwarya, a bar zafi da hayaƙi da ƙuda yadda suke. Wannan kuskure ne. Al'adar gini hikima ce da mutane suka tara don kare jikinsu daga yanayin ƙasarsu, ado kuwa daga baya yake zuwa. Haɗin da ya amsa sunansa shi ne wanda aka yi a kan wannan hikima, kuma jikin mai zama a ɗakin shi ne alƙalinsa.

Jiki ne alƙali

Zafin cikin jikin ɗan Adam mai lafiya yana tsayawa ne a wajen digiri 37 na ma'aunin Salshiyas, ko ana hunturu ko ana bazara. Jiki kuwa kullum cikin ƙona abinci yake, don haka kullum yana fitar da zafi. Baligin da ke zaune yana hutawa yana fitar da zafin da ya kai kimanin wat 100, watau kwatankwacin tsohon ƙwan lantarki mai haske sosai. In mutum 40 suka zauna a ɗaki guda, tamkar an kunna dutsen guga huɗu ne an bar su, tun kafin a yi lissafin tuwo mai tururi da garwashin gashi. Wannan zafi dole ya sami hanyar fita.

Hanyoyin fitarsa sanannu ne. Fata tana miƙa zafi ga abin da ta taɓa in ya fi ta sanyi, kamar daɓen ɗaki. Iska mai motsi tana kwashe shi. Jiki yana kuma watsa shi ga bango da rufi in sun fi shi sanyi, amma in sun fi shi zafi sai lamarin ya juye, su ne za su dinga watso masa. Kwanon rufi da rana ta daka yakan wuce digiri 60, shi ya sa mai zama ƙarƙashinsa ke jin kamar an kifa masa kasko, ko da fanka na juyawa. Hanya ta ƙarshe ita ce gumi. Kowace lita ɗaya ta gumi da ta bushe a kan fata tana ɗauke zafin da ya kai kilojul 2,400, amma sai in iska tana wucewa ta kwashe damshin. A ɗakin da aka toshe da gilashi, gumi zuba kawai yake yi, ba ya sanyaya kowa.

Zafin da ke damun mai ci yana yi wa ƙwayoyin cuta daɗi. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 ne bakteriya ke hayayyafa cikin dafaffen abinci, kuma wasunsu kan ninka yawansu a duk minti 20 in sun sami yadda suke so. Ƙwaya ɗaya da ƙuda ya ajiye a kan shinkafa da hantsi tana iya zama dubbai kafin la'asar. Ke nan tsarin ɗakin cin abinci magana ce ta lafiya tun kafin ta zama maganar kyan gani.

Yadda Koriyawa suka yi da sanyinsu

Matsalar Bakoriye kishiyar ta Bazazzagi ce. A birnin Seoul, watan Janairu yakan zo da sanyin da ke daskarar da ruwa, har wani dare ma'auni ya gangara digiri 10 ƙasa da sifiri. Maganin da kakanninsu suka samo shi ne ondol. Murhun girki yana ƙasa da daɓen ɗaki, sai a bi da hayaƙinsa ta wasu ramuka a ƙarƙashin falalen duwatsun da aka shimfiɗa, ya fita ta bututu a ɗaya gefen gidan. A kan duwatsun ana yaɓa yumɓu, a rufe da takarda mai mai. Duwatsun sukan sha zafi lokacin girki, su yi ta sakinsa sannu a hankali har gari ya waye. Tun da daɓe ne wuri mafi ɗumi, sai rayuwa ta sauko ƙasa: a nan ake zama, a nan ake barci, a nan ake cin abinci a kan gajeren tebur, kuma ba a shiga da takalmi. Saboda damina mai zafi da gumi kuwa, gidan gargajiya da suke kira hanok yana da wani buɗaɗɗen falo mai daɓen katako da aka ɗaga sama, iska na wucewa ta ƙarƙashinsa da ta tsakiyarsa.

Abin koyi shi ne yadda suka yi da wannan gado sa'ad da zamani ya zo. Bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, itace ya yi ƙaranci, sai aka koma hura ondol da curin kwal. Kwal yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama sinadarin himoglobin na jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Duk inda daɓe ya tsage sai iskar ta shigo, kuma a shekarun 1960 da 1970 mutane da yawa sun kwanta barci ba su farka ba. Koriyawa ba su ce tun da gado ne a ci gaba da mutuwa ba, ba su kuma yi watsi da ɗumin daɓe ba. Sai suka cire hayaƙin, suka shimfiɗa bututan ruwan zafi a ƙarƙashin daɓe. Har yau dogayen benaye na Seoul ta ƙasa ake ɗumama su. An riƙe hikimar, an sauya kayan aikin.

Haka abin yake a gidajen abincinsu na gashin nama, inda ake sa garwashi ko murhun gas a tsakiyar kowane tebur, masu ci su gasa da kansu. Wuta a tsakiyar jama'a tsohuwar al'ada ce, amma a bisa kowane tebur akwai bututun ƙarfe da ke zuƙe hayaƙi tun bai kai hancin kowa ba. Baƙo yakan ɗauka ado ne, alhali kuwa shi ne ke sa a iya numfashi a ɗakin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibi daga hayaƙin girki take, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020. Wanda zai kwaikwayi gashin Koriya ya bar bututun, ya ɗauko haɗarin ne ya bar maganinsa.

Abin da ke cikin rumbun Zazzau

Idan aka dawo gida, za a tarar maginan Hausa su ma sun yi nasu nazarin, sai dai su da zafi suka yi kokawa. Bangon tubali mai kauri ba ya barin zafin rana ya ratsa shi da sauri. Yana shan zafin ne a hankali, ya riƙe shi sa'o'i masu yawa, ta yadda kafin ya iso cikin ɗaki rana ta faɗi, iska ta yi sanyi. Wannan ita ce dabarar duwatsun ondol, an juya ta. Rufin soro mai tsayi yana ba iska mai zafi wurin hawa, tun da ta fi mai sanyi rashin nauyi, sai ta fice ta ƙananan tagogin da ke can sama. Saboda haka wanda ya zauna a tabarma yana cikin iskar da ta fi sanyi a ɗakin, daɓe kuma na ɗauke masa zafin jiki. Bakoriye ya sauko ƙasa don neman ɗumi, Bahaushe ya sauko don neman sanyi, suka haɗu a wuri guda.

Kayan ginin kansu darasi ne na ilimin halittu. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma zarenta yana da taurin da gara ba ta cika iya masa ba. Makuba ruwan jiƙon ɓawon ɗorawa ce, tana ɗauke da sinadarin tanin mai ƙara wa daɓe da yaɓe ƙarfi da jure ruwa. Laso kuwa haɗi ne na katsi daga karofi, da gashin jima daga majema, da yauƙin dafara, kuma shi ake shafe bango da rufi da shi don kare su daga ruwan sama. Sharar marini da ta majemi ta zama kayan aikin magini. Tun da azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin rufi in tazarar ta wuce ƙafa 6 ko makamancin haka, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake jera azara hawa-hawa cikin ƙasa har a rufe babban ɗaki ba tare da ginshiƙai sun cika shi ba. Kyan da ake gani a cikin irin wannan soro daga warware matsala ya fito.

Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A shekarun 1970 an kewaye abin da ya saura na tsohon ginin da sabon gini na kankare, an kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Masana daga ƙasashen waje, irin su Zbigniew Dmochowski da Friedrich Schwerdtfeger, sun shafe shekaru suna auna gine-ginen Zariya suna rubutawa, alhali ɗaliban da ke wucewa ta gabansu kullum ba a cika kai su su duba ba.

Haɗa al'adu biyu a gini guda ma ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A nan Wusasa, daf da Kufena, akwai cocin Saint Bartholomew da aka gina a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da mishan ta tashi daga cikin birni. Amfanin ginin da tsarin zamansa daga Ingila suka zo, amma bango da baka da rufi aikin ƙasa ne irin na maginan Hausa. Haka kuma a 1958 wasu ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna cewa ilimin Turawa da gadon gida su narke cikin juna, kada ɗaya ya zama kwalliyar ɗaya. Nwoko ya koma gini da jar ƙasa da aka ƙarfafa da ɗan siminti, kuma a 2023 aka ba shi babbar lambar yabo a bikin baje kolin gine-gine na birnin Venice da ke Italiya. A Zariya aka haifi wannan tunani, bai kamata a Zariya a mance da shi ba.

Dangantakar da ke cikin tukunya

Bayan zaman ƙasa da cire takalmi, akwai wata kusanta da ba a ganin ta sai da madubin ƙara girma. Ginshiƙin miyar Koriya shi ne doenjang, watau waken suya da aka dafa aka bari ya ruɓa bisa ƙa'ida. Ginshiƙin miyar Hausa kuwa daddawa ce, kalwar ɗorawa da aka dafa aka rufe kwana biyu ko uku. Babbar ma'aikaciya a cikin daddawa ita ce bakteriyar da masana ke kira Bacillus subtilis, kuma ita ɗin ce dai ke cikin masu aikin doenjang. Ita ke farfasa sinadarin furotin ya koma ƙananan gutsattsari masu ɗanɗano da ƙamshi mai ƙarfi. Kimci, watau kabejin da suke tsimawa da gishiri da barkono da tafarnuwa, tsaminsa daga bakteriya masu samar da asid ɗin madara yake, dangin waɗanda ke tsamar da nono da kamu. Hukumar UNESCO ta sa al'adar haɗa kimci ta Koriya ta Kudu cikin jerin gadon duniya a 2013, ta ƙara da ta haɗa su doenjang a 2024.

Ana tsima waɗannan abubuwa ne cikin manyan tukwanen ƙasa da ake kira onggi, waɗanda jikinsu ke da ƙananan ƙofofin da iska ke ratsawa. Randa ma da irin waɗannan ƙofofi take aiki: ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, ya bushe, ya tafi da zafi, daidai da yadda gumi ke yi wa fata. A kan wannan ƙa'ida ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. In aka jera onggi da randuna a inuwar tsakar gidan abinci, kowace tana aikinta, an sami ado mai dalili, sabanin turmin da aka jingine ba a daka komai a cikinsa.

Yadda ɗakin ya kamata ya kasance

Daga abin da ya gabata, tsarin ya fito da kansa. Baƙo ya fara shiga zaure, inda zai ajiye takalmi a kanta, ya wanke hannu da sabulu a famfo ko da buta, ruwa na zuba yana wucewa. Kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu ba wanki ba ne, rabon ƙwayoyin cuta ne, kuma bincike da dama ya nuna wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da kimanin kashi 30 cikin 100. Daga zaure sai babban ɗaki mai kaurin bango da dogon rufi, da ƙananan tagogi a sama don fitar zafi, da wasu a ƙasa ta ɓangaren inuwa don shigowar iska. Kowace kafa a rufe ta da ragar waya. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Gambiya, aka buga sakamakonsa a 2009, ya nuna sa wa gida raga yana rage shigar sauro da kusan rabi, kuma ragar da ta tare sauro ta tare ƙuda.

Wurin zama a ɗaga shi kamu biyu ko uku daga ƙasa, kamar dakali, a shimfiɗa tabarmi da tum-tum, a sa gajerun tebura. Ƙyauren takarda mai zamewa irin na hanok, wanda haske ke ratsawa ido bai ratsa ba, yana yin aikin da asabari da zana ke yi, don haka za a iya keɓe wa iyali wuri, mata su ci abinci a sake. Murhun tebur ɗan'uwan tukubar mai tsire ne, sai dai kowane ɗaya da bututunsa. Naman alade da barasar da ake samu a irin waɗannan gidaje a Koriya ba su da gurbi a teburin Musulmin Zazzau, naman sa da na rago da kaza sun wadatar. Madafa kuwa a nan ne gargajiya za ta ja da baya: tayil da bakin ƙarfe marar tsatsa da firiji da magudanar ruwa rufaffiya, domin wurin da ake wankewa kullum ba ya son ƙasa, kuma tsagar bango gidan kyankyaso ce. In duk wannan ya kammala, sai a kira mai zanen bango ya yi dagi da hannunsa a jikin yaɓe, a ɗora rubutun Koriya a gefensa. A lokacin ne adon zai zauna daram.

Hujjojin masu ja

Akwai masu cewa ginin ƙasa wahala ne, kuma suna da gaskiya. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, soro kuwa in ba a yi masa yaɓe ba, ba a gyara indararo ba, damina biyu ta ishe shi. Giginya tana daɗewa kafin ta isa sara, an kuma sare da yawa ba a dasa ba, ƙwararrun magina suna ta ƙarewa. Amsar ita ce irin wadda Koriyawa suka ba ondol: a riƙe hikimar, a sauya kayan aikin. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa da aka matse, ya ɗaga kwano sama da silin ya bar fili a tsakani don iska ta kwashe zafi, kwanon kuma ya zame wa bango laima. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya sami kyautar Pritzker, mafi girma a fannin tsara gine-gine. A Dandaji, wani garin Hausawa a Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa, aka gama a 2018. Ashe ƙasa da kwano ba abokan gaba ba ne, sanin wurin da za a sa kowanne shi ne aiki.

Wasu kuma za su ce na'urar sanyaya ɗaki ta raba gardama. Ta raba, muddin akwai wuta. Amma ɗakin da kwano da gilashi suka mayar tanda yana bukatar babbar na'ura da man janareta mai yawa, kuma kuɗin a kan farantin mai ci zai ƙare. Ranar da injin ya tsaya, ɗakin ba ya zaunuwa. Ɗaki mai kaurin bango ko da an sa masa na'ura, ƙarama ta ishe shi.

Hujja ta uku ta fi ƙarfi. Zaman ƙasa yana wahalar da tsofaffi da masu ciwon gwiwa da mata masu juna biyu da naƙasassu. A Koriya kanta gidajen abinci da yawa sun koma kujeru saboda wannan dalili. Don haka wajibi ne a ware ɓangaren tebur da kujera, a kuma yi hanyar da keken guragu zai shiga. Al'adar da ta hana dattijo cin abinci da jikokinsa ta saɓa wa manufarta.

Sai masu cewa jama'a na kallon ginin ƙasa a matsayin alamar talauci. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma ra'ayi ne, ra'ayi kuwa yana sauyawa. Koriyawa ma sun rushe hanok masu yawa a lokacin da suke gaggawar gina benaye, daga baya suka dawo suna kashe kuɗi wajen gyara waɗanda suka saura, har unguwar Bukchon ta Seoul ta zama wurin da baƙi ke tururuwar gani. Gidan abinci wuri ne da talaka da mai kuɗi ke shiga, don haka in mutum ya ci abinci sau ɗaya a ɗakin ƙasa mai tsabta da sanyi a tsakiyar bazara, fatarsa za ta gaya masa abin da lacca goma ba za ta gaya masa ba.

Aiki ga ɗalibai da malamansu

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Duk abin da aka faɗa a nan ana iya gwada shi da kayan da ke ɗakin gwaje-gwajen kowace sakandare. A sami ma'aunin zafi guda uku. A rataye ɗaya a tsohon zaure na ƙasa, ɗaya a shagon bulo mai kwano ba silin, ɗaya a inuwar bishiya, dukkansu a tsayi ɗaya daga ƙasa. A riƙa karanta su duk bayan sa'a biyu daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare har kwana uku, a zana jadawali, a duba lokacin da kowane wuri ya kai ƙarshen zafinsa. Sa'an nan a ɗaki guda a auna zafi daf da daɓe, a kuma auna daf da rufi. A ƙarshe a zuba ruwa iri ɗaya a randa da bokitin roba, a ajiye su a inuwa guda, a gwada su da la'asar. A maimaita duka a lokacin hunturu da kuma tsakiyar damina, domin randa ba ta sanyaya ruwa sosai in iska ta cika da damshi, kuma zauren da ya yi daɗi da rana yana iya riƙe zafi da dare. Sakamakon da ya saɓa wa zato shi ma ilimi ne, a rubuta shi yadda ya zo.

Daga cikin ɗaliban da za su riƙe waɗannan ma'aunai ne za a sami masu tsara gine-gine da jami'an duba-gari da masu gidajen abinci na gobe. In suka tashi da sanin cewa bango da taga da daɓe suna da aikin da suke yi wa jiki, to ranar da aka ce su haɗa Koriya da Zazzau a ɗaki guda, ko Indiya da Kano, ko Turkiyya da Katsina, za su fara tambayar ta ina iska za ta shiga, ta ina hayaƙi zai fita, ina za a wanke hannu, ina tsoho zai zauna. Maganar launin fenti sai ta biyo baya.